Ƙasar Likita da Kiɗan da Ya Ƙi Mutuwa

Gayyata ce ta kai ni Ajantina. Akwai wani likitan dabbobi ɗan ƙasar da muka yi aikin rigakafin shanu tare a arewa shekarun baya, mutum mai haƙuri da son jama'a, har Fulanin da muke zuwa rugarsu suka bar kiran sunansa, Likita kawai suke ce masa, ni ma haka na ɗauka. Duk zaman da ya yi a wurinmu bai taɓa kushe abincinmu ko zafin ranarmu ba, amma da wuya a yi doguwar hira da shi bai sako ƙasarsu ba: kogin da ba a hango gaɓarsa, filin da babu ko tudu, da tango, wani kiɗa mai nauyi da yake sa mana a mota in dare ya yi mana a hanya. Bayan ya koma gida ya yi ta kira, sai dai in zo in gani da idona. Na bi ta Addis Ababa da Sao Paulo, na sauka filin jirgin Ezeiza a farkon watan Nuwamba.

A can sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, don lokutansu a juye suke da namu. Da azahar ta arewa rana take karkata. Itatuwan jakaranda sun fara zuba fure shunayya a manyan titunan Buenos Aires, har a kan motocin da aka ajiye. Kafin mu isa gida Likita ya biya da ni bakin kogin Rio de la Plata, ya tsayar da mota bai ce komai ba. Ruwa ne jajaja mai laka, ya shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Uruguay na can ƙetare, amma ba a ganinta. A inda kogin yake shiga teku faɗinsa ya kai kilomita 220.

A gidan mahaifiyarsa aka sauke ni, a unguwar Villa Urquiza. Jikar Italiyawa ce, tsohuwa mai kuzari, ban daɗe ba na koma kiranta Mama kamar yadda ɗanta yake yi. Ita ta fara ba ni mate. Wani ɗan ƙoƙon duma ne da ya sha hannu har ya yi baƙi, ta zuba busasshen ganyen yerba ya kusa cika shi, ta rufe bakin da tafin hannu ta girgiza, ta karkatar da ganyen gefe guda, ta tsiyaya ruwan zafi daga fulas a ɗaya gefen. Ruwan ba ya tafasa, in ya tafasa ya ƙona ganyen. Sai ta soka wani bututun ƙarfe mai matata a gindi, bombilla suke ce masa, ta shanye na farko da kanta don shi ya fi ɗaci, ta sake cikawa ta miƙo mini. Ƙoƙo ɗaya, bututu ɗaya, kowa ya zuƙe nasa tas ya mayar wa mai zubawa, ita kuma ta cika ta ba na gaba. Tun a mota Likita ya gargaɗe ni da abu biyu: kada in motsa bututun, kada kuma in yi godiya sai na ƙoshi, don wanda ya gode an cire shi daga zagayen ke nan. Da ɗaci kam, da bauri. Amma abin da ya kama ni shi ne, mai gyaran famfo ya shigo yana aiki a kicin, Mama ta miƙa masa ƙoƙon da na gama sha, ya karɓa da hannunsa mai maiƙo ya zuƙe ya mayar, ba wanda ya ga wani abu a ciki.

Ƙasar da ta fi kowace sayen wannan ganye daga Ajantina ita ce Siriya. Dalili kuwa, 'yan Siriya da Labanan da suka zo ci-rani tun ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda suka koma gida sun koma da al'adar. Waɗanda suka zauna kuma jikokinsu suna nan. Carlos Menem da ya mulki ƙasar daga 1989 zuwa 1999 ɗan 'yan Siriya ne. A zamaninsa aka ba da filin da Saudiyya ta gina Cibiyar Sarki Fahad a unguwar Palermo, aka buɗe ta a 2000. A nan na yi Juma'a, tare da Larabawa da 'yan Senegal masu tallar tabarau da agogo a unguwar Once, da 'yan ƙasa da suka musulunta. A nan kuma aka nuna mini inda zan sayi naman halal, don gashin da suke alfahari da shi, asado, ana haɗa shi da tsiran alade da na jini a kan waya ɗaya, dole Musulmi ya buɗe baki ya tambaya.

Ranar 10 ga Nuwamba ita ce ranar al'adun gargajiya a ƙasar, ranar haihuwar marubucin waƙa José Hernández, wanda ya yi wa makiyayan gaucho doguwar waƙar da kowane ɗan makaranta ya sani. Garin San Antonio de Areco yana raya wannan biki tun 1939, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai ce daga birni. Da muka fita daga cunkoso sai ga Pampa. Ciyawa shar, shinge, shanu baƙaƙe marasa ƙaho da tozo, gonakin waken suya da alkama, sararin sama ya sauko ta kowane ɓangare har ƙasa. Likita ya ce wannan sararin ne ya fi damunsa da kewa.

Areco garin maƙeran azurfa ne da dukawa. Mahayan sun fito da wando mai faɗi da ya tsuke a idon sawu, da hula ko malafa, da ɗamara mai faɗi an jera mata tsabar azurfa, doguwar wuƙa a soke ta baya a ƙugu. Linzami da likkafa da ƙaimi duk azurfa, wasu gadon kaka da kakanni. Amma ba adon ne ya tsaya mini a rai ba, wani wasa ne da ake yi da garken dawaki. Kowane makiyayi ya zo da nasa garken, yawanci masu launi ɗaya: wannan akawal, wancan kili, na can bidi. Gaban kowane garke akwai goɗiya guda mai ƙararrawa a wuya, makiyayin na riƙe da igiyarta. Aka saki garkunan duka a fili ɗaya, suka cakuɗe, ƙura ta tashi, mahaya na kurɗawa a guje ta cikin juna da gangan don su rikita dawakin. Duk da haka kowane doki ya tsinci ƙarar ƙararrawar goɗiyarsa a cikin wannan hayaniya ya bi ta, wanda garkensa ya watse ya faɗi. Ban taɓa ganin kamarsa ba sai wurin Bafulatanin da zai tsaya bakin mashaya ya kira saniya da sunanta ta fito daga cikin ɗari. Ba bulala ke kawo wannan ba, shekaru ne na kwana da tashi tare da dabba.

Da yamma a wata tsohuwar rumfa muka saurari payada. Mutum biyu ne da jita, a ba su magana nan take, wannan ya ƙaga baiti mai layi goma, wancan ya mayar masa da nasa, har ɗaya ya gaza. Amon jitar da suke bi ana kiransa milonga, shi ne ya shiga birni tare da makiyayan da shinge ya kora daga daji, ya zama ɗaya daga tushen tango. Likita ya raɗa mini cewa wanda ya fi kowa suna a wannan fage, Gabino Ezeiza, baƙar fata ne, haifaffen unguwar San Telmo a 1858, kuma don tunawa da karawar da ya yi a Montevideo a 1884 ake bikin ranar mawaƙan payada duk 23 ga Yuli. Na waiga na duba rumfar. Ni kaɗai ne baƙi.

Ina baƙaƙen ƙasar suka shiga? Wannan tambaya ta bi ni har arewacin ƙasar, inda muka je Iguazú a lardin Misiones, kan iyaka da Birazil, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a jirgi. Ƙasar can ja ce wur, daji ne mai duhu da danshi, kuma daga nan da lardin Corrientes ganyen mate yake fitowa. Magangarun ruwa ne wajen 275 a jere, tsawon kusan kilomita uku. Ƙaramin jirgin ƙasa ya kai mu cikin gandun, muka taka gadar ƙarfe ta fiye da kilomita guda a kan kogin da yake tafiya lumui kamar ba abin da zai faru. Tun daga nesa ake jin rugugi, ana hango farin tururi. A ƙarshen gadar kogin gaba ɗaya ya rufta cikin wani rami mai zurfin mita 80, ba a ganin ƙasansa, feshi ya jiƙa mu sharkaf. Wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe suna kutsawa ta cikin ruwan da yake zubowa, don a jikin dutsen da ke bayansa suke sheƙa. Tasbihi kawai na iya yi.

Da muka dawo birni na ce a kai ni San Telmo. Ƙidayar 1778 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Buenos Aires baƙaƙe ne, bayi da 'yantattu. Suna da ƙungiyoyinsu bisa asalin kowa, suna da gangunansu na candombe. Yaƙe-yaƙe sun ci mazansu da yawa, har da yaƙin Paraguay da aka gama a 1870. Annobar shawara ta 1871 ta yi ɓarna a unguwannin kudu. Auratayya ta yi nata. Sannan miliyoyin Turawa suka kwararo, masu mulki kuma suka so a ɗauki ƙasar a matsayin ta farare zalla, aka daina ma ƙirga baƙaƙe. Sai a ƙidayar 2010 aka sake tambaya, mutum kusan dubu 150 suka ce su jinin Afirka ne. Yanzu 8 ga Nuwamba ranarsu ce, don tunawa da María Remedios del Valle, baƙar mace da ta yi yaƙin 'yancin kai har ta kai muƙamin kyaftin, hotonta na jikin takardar peso 10,000. Abin ya yi mini ciwo, don na haɗu da masu ilimi a can da suka ce mini da zuciya ɗaya ƙasarsu ba ta taɓa samun baƙaƙe ba, alhali ɗaya daga tsofaffin kiɗan tango da har yau ake bugawa, Rosendo Mendizábal ne ya tsara shi a 1897, baƙin mutum mai kaɗa fiyano.

Tango dai a gidajen haya aka haife shi, wajen shekarun 1880, a gefen Buenos Aires da Montevideo. Ƙidayar 1914 ta nuna kusan rabin mutanen birnin ba a ƙasar aka haife su ba. Ɗan Genoa da ɗan Sifaniya da Bayahuden Rasha da Basiriye da jikan bayi da makiyayin da ya rasa kiwo, kowa da ɗaki ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, yawancinsu maza ne da suka baro iyali a ƙetaren teku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi ya sa waƙoƙin ba sa wuce uwa, da unguwar da ta canza, da macen da ta tafi, da shekarun da ba sa dawowa. A La Boca, inda gidajen kwano masu launi-launi suke, na ga masu rawa a ƙofar gidajen abinci suna ɗaga ƙafa don a ɗauki hoto a biya. Sana'a ce, ban raina ta ba, amma ba mu daɗe a wurin ba.

Kawun Likita ne ya kai ni inda 'yan gari suke rawarsu. Dattijo ne da ya haura saba'in, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Daren Asabar ya sa kwat, ya shafa turare, ya riƙo takalman rawa a jakar yadi. Wurin filin ƙwallon kwando ne na wani kulob na unguwa, an jera tebura a gefe, ragar ƙwallon na rataye a sama. Ba a fara cika ba sai wajen sha biyun dare. Ana sa kiɗa uku ko huɗu na makaɗa ɗaya, sai a katse da wani ɗan kiɗa daban, kowa ya koma mazauninsa. Namiji ba ya tasowa ya nemi mace da baki. Daga inda yake zaune zai dube ta, in ta riƙe idonsa ya ɗan sunkuyar da kai, ta amsa da nata, sannan ya taso. In ba ta so ta kau da kai, ba wanda ya sani, ba wanda ya ji kunya. Rawar mace da namiji a rungume ba tarbiyyata ba ce, ban yi ba, ba kuma wanda ya matsa mini. Zama na yi ina kallo. Ba tsalle, ba ɗaga ƙafa. Tafiya ce kawai, a hankali, duk fili na zagayawa ta hagu, ba mai wuce wani, ba mai magana. Kawu ya rufe ido, ƙafarsa na shafar ƙasa, in kiɗan ya tsaya shi ma ya tsaya cak.

Duk faya-fayan da aka sa a daren na shekarun 1935 zuwa 1955 ne, zamanin manyan makaɗa D'Arienzo da Di Sarli da Troilo da Pugliese. Bayan juyin mulkin 1955 abin ya fara ja da baya: manyan ƙungiyoyin makaɗa suka watse, matasa suka koma kiɗan rok, mulkin soja na 1976 zuwa 1983 ya sa taron dare ya zama abin tsoro. Tsarar Likita sun tashi suna ganin tango kayan tsofaffi ne. Shi kansa ya ce sai da ya bar ƙasar ya fara jin sa.

A tsakiyar wannan ja da baya Astor Piazzolla ya yi nasa yaƙin. An haife shi a Mar del Plata a 1921, ya yi ƙuruciya a New York, ya je Paris a 1954 don ya koyi kiɗan Turawa na manya wurin Nadia Boulanger, ita kuma ta mayar da shi kan tangonsa. Ya dawo ya shigo da jitar lantarki, ya karya amon da ƙafa ta saba, yana kiɗa a tsaye da ƙafa ɗaya bisa kujera. 'Yan gargajiya suka ce ya kashe tango. Shi kuma ya ce abin da yake yi kiɗan Buenos Aires ne na zamani. Ya rasu a 1992, amma Kawu har yau bai huce ba. "Ɗana," ya ce mini, "kiɗan da ƙafa ba ta gane shi ba, na kunne ne, a kai shi zauren masu kwat." Likita ya ce, "Kawu, ai kai ma da kwat ka zo." Suka yi ta yi har muka iso gida.

Kafin in ji na matasan sai da na ga kayan kiɗan da idona, a shagon wani mai gyaran bandoneon. Akwati biyu ne na katako, zugazugi a tsakani, maɓallai 71, 38 a dama, 33 a hagu, kowanne da sauti ɗaya in an buɗe, wani daban in an matse, kuma ba a jere suke bisa wani tsari da hankali zai kama ba, sai dai hannu ya haddace. Ya buɗe mini cikin wani, ya nuna mini harsunan ƙarfe a jere kan faranti, yana kankare ɗaya da ƙaramar zarto, ya hura, ya saurara, ya sake kankarewa. Daga Jamus kayan suka zo, mafi daraja na masana'antar Alfred Arnold ne a Carlsfeld, kuma bayan yaƙin duniya na biyu harkar ta durƙushe. Yawancin waɗanda ake kaɗawa yau sun girmi masu kaɗa su nesa ba kusa ba. Baƙi sun yi ta saye suna fita da su, har a 2009 aka yi dokar hana fitar da tsofaffin, shekarar da UNESCO ta sa tango cikin kayan gadon duniya da sunan Ajantina da Uruguay tare. Jami'ar Lanús ta ƙera wani mai sauƙin kuɗi don 'yan koyo, ta sa masa Pichuco, laƙabin Troilo.

Farfaɗowar ta faro ne daga waje, da wani wasan dandali da ya yi tashe a Paris a 1983, amma waɗanda suka dawo da kiɗan cikin unguwa matasan shekarun 1990 ne. Babu isassun rubutattun takardu, sai suka zauna da tsofaffin faya-fayai suna cire sauti ɗaya-ɗaya da kunne, suka bi dattawan da suka rage gida-gida. A 2000 aka kafa makarantar makaɗan tango ƙarƙashin dattijo Emilio Balcarce, don a karɓi salon daga hannun waɗanda suka yi shi kafin su ƙare. Wasu kuma, irin su Gotan Project a Paris da Bajofondo, suka haɗa shi da kiɗan kwamfuta. Wannan na ƙarshe ya yi kasuwa a duniya, amma ni bai kama ni ba. Na ji bandoneon ɗin ya zama ado a kan amon da ba nasa ba.

Wanda ya girgiza ni na ƙungiyar makaɗan Fernández Fierro ne. Sun kafu a 2001, shekarar da tattalin arzikin ƙasar ya rushe, aka rufe wa mutane kuɗinsu a banki, aka yi shugabanni biyar cikin mako biyu. Ba su da wurin wasa, sai suka riƙa turo fiyano a kan taya zuwa titin San Telmo suna kiɗa. Ƙungiyar gama-kai ce, abin da aka samu a raba, tsarin da suka gada daga Osvaldo Pugliese, wanda in gwamnati ta kulle shi makaɗansa kan ɗora jan fure a kan fiyanonsa su ci gaba da wasa. Daga baya suka mayar da wani tsohon garejin gyaran mota a yankin Abasto gidan wasansu. Nan muka je. Duhu, hayaƙi, jan fitila, ba kwat ba turare, samari da 'yan mata da riguna baƙaƙe. Masu bandoneon suka zauna a gaba, suna ɗaga kayan su maka a gwiwa lokaci ɗaya, kowane bugu sai na ji shi a ƙirji. Masu gogen Turawa a baya suna ja kamar za su tsinke tsirkiya. Ba wanda ya tashi rawa. Likita yana fassara mini waƙar a kunne: haya, rashin aiki, dare a birnin da ba ya tausayin kowa. Na kulob ɗin Kawu ya fi taushi, ya fi daɗin zama. Amma a ganina wannan na gareji ya fi gaskiya game da birnin da na taka da rana, na masu tura amalanken kwali da masu lissafin farashin da ya tashi tun jiya, kuma irin mutanen da suka fara tango a gidajen haya su ne waɗannan. Na faɗa wa Kawu haka da safe. Ya ce in bari sai na kai shekarunsa.

Gangar candombe ta baƙaƙen nan ce dai ban ji ba. A Buenos Aires ta ɓuya a cikin bugun fiyano da na bandoneon, sai mai neman ta zai gane ta. Aka ce mini a Montevideo, a unguwannin Barrio Sur da Palermo, jikokin bayi ba su taɓa ajiye ta ba, duk ƙarshen mako suna fitowa titi da ganguna iri uku, su gasa fatun a bakin wuta kafin su fara. Likita ya nemi hutun kwana biyu a wurin aiki, muka sayi tikitin jirgin ruwa na ranar Asabar.